Yatsan da Na Kawo daga Japan

Ƙanina Khalilu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Zainaba da yara? Ni lafiya lau nake a Alƙahira, kada kowa ya damu.

Ka tuna ƙaramar tashar jirgin ƙasa ta ƙauyen Japan, inda aka tura ni horon aikin jirgi ina saurayi? Fasinja bakwai a rana, amma dole ka nuna komai da yatsa, ka ambace shi da ƙarfi, don gudun mantuwa. Na koma gida da takardar shaida, na tarar jirginmu ya daina aiki. Yatsan ne ya rage mini.

Yanzu gadin wani gida nake a unguwar Ma'adi, na ɗan lokaci ne. Kowace safiya nakan nuna: "Ƙofa, tamam! Famfo, tamam!" Ranar Talata mahaifiyar maigidan ta leƙo, yatsa ya bi ta: "Hajiya, tamam!" Ta ce kambun baka na yi mata, ta kwanta rashin lafiya. Maigida ya ce in na ƙara nuni, khalas, wato a bakin aikina.

Na mayar da hannu aljihu. Jiya na manta famfo a buɗe, lambu ya zama tafki. Ranar Juma'a maigida zai yanke hukunci, ku taya ni addu'a.

Idan uwargidana ta tambayi aikina, ka ce harkar noman rani nake.

Yayanka,
Bukari