Har Mai Kare Ya San Ni da Rabin Raina

Gwaggo, ki taimake ni kafin in shaƙe wani bawan Allah da hular sanyinsa.

Ni malamar makaranta ce, na ƙare ƙuruciyata ina gyara wa 'ya'yan mutane nahawu, sai ga shi da furfurata na sake aure, na biyo miji wata ƙasa. Direban bas ne. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku, duk a nan aka haife su, Hausarsu kamar an tauna an tofar.

Ranar da na sauka, autar ta rugo ta rungume ƙafata a filin jirgi tana ƙwala mini kira: Rabin Raina! Na so ƙasa ta tsage in shige. Ashe haka ubansu ya ajiye lambata a wayarsa, su kuma suka ɗauka sunan yanka ne.

Gwaggo, sunan ya bi gari. Namijin cikin yaran daga saman bene yake ƙwala shi in ya rasa safarsa. Malamar ajin auta da shi take gaishe ni. A asibitin haƙori an kira shi a lasifika, na miƙe tsam, ni da ko sunan miji ban taɓa kamawa ba. Tsohon da ke ƙasanmu, mai kare, ya gutsure shi ya koma Raina. Kullum da safe sai ya ɗaga hannu ya ce Raina, ni kuwa in ce a zuci ai an riga an gama.

Kuma Allah ya yafe mini, na fara jin daɗi. In auta ta faɗa da bakin nan nata mai giɓi, sai in ji kamar yau aka ɗaura.

Babbar ce damuwata. Ta fara zama budurwa, ita kaɗai ke jin Hausa sosai, kuma ba ta kirana da komai. Sai dai gyaran murya, ko ta ƙwanƙwasa tebur. Na ɗauka raini ne. Shekaranjiya muna ninke wanki, kanta a sunkuye, ta ce haka Baba yake kiran mamansu. Ko goge sunan bai yi ba, lambar kawai ya canza.

Na ƙetare teku, ashe sunan gwanjo aka ba ni! Na tare maigidan, wai shi bai iya wata kalmar ba. In hana sunan in karya zuciyar auta, ko in riƙe in rasa babbar?

Mai Sunan Gwanjo

*

'Yar'uwa, ina ta dariya har da hawaye, da na iso wurin wankin nan sai dariyar ta tsaya.

Ajiye hular tukuna. Maigidanki ya kwafsa, amma ba da mugunta ba. Akwai mazan da kalmar so ɗaya tak suka mallaka, kamar rigar fita. Ke malama ce, ki ba shi aikin gida: ya nemo sabuwa, kuma ta tsaya a ɗaki.

Yarinyar ba raina ki ta yi ba. Gadin sunan uwarta take yi, ita kaɗai, a gidan da ake ihunsa saboda safa. Kuma ki lura, ke ta zaɓa ta faɗa wa, ba ubanta ba.

Ki mayar da sunan. Ku koma kan wanki, ki gaya mata ba ki sani ba, kuma na mamanta ne. Sannan ki roƙe ta ta bayyana wa ƙannenta ma'anarsa da wadda aka fara kira da shi, ta kuma zaɓa miki abin da za su riƙa kiranki. Inna, Anti, Malama, duk wanda bakinta zai iya ɗauka. Kada ki nemi Mama. Auta ba za ta karaya ba, ai ba sunan take runguma ba, ƙafarki ce.

Tsoho mai kare kuwa, sai haƙuri.

Allah ya zaunar da ku lafiya, ya sa ranar da za a fara ƙwala sabon sunan daga saman bene, muryar babbar za ki ji.