Farar Ƙasa a Kan Allon Gidan Fanka

Zuwa ga mahaifina, Malam Bakari, tsohon jami'in ayyuka na ƙaramar hukuma.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ka koya mana, wadda ake gama girmamawa kafin a taɓa zance, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji. Mu nan lafiya, daidai gwargwado. Dada, mahaifiyarmu, tana nan, gwiwa ce kawai ke damunta. Yayana Hamma Sa'adu ya yi ƙiba, ya kuma fara yi mana faɗa da irin muryarka, abin da bai yi wa kowa daɗi ba.

Na san ba ka karanta takardar da ba a rubuta mata kanu a sama an ja masa layi ba. To ga kanun: zancen Gidan Fanka ne. Ya dawo, kuma a kan teburina ya sauka.

Saboda masu leƙen wasiƙar nan da ba su tashi a unguwar Mayo Gwoi ta Jalingo ba, bari in tuna maka abin da ka fi ni sani. Fili ne a ƙarshen unguwa, inda a wancan zamanin gidaje suke ƙarewa gonakin masara su fara. Tun kafin in yi wayo wasu Turawa da injiniyoyinmu suka zo neman wani dutse a tsaunukan gabas da gari. Yuraniyom ake ce masa. Da shi ake ba manyan birane wutar lantarki, da shi kuma ake ƙera bom ɗin da ke shafe birni. Suka haƙa, suka ɗebo samfur, suka zuba a duro-duron ƙarfe, suka jera su a filin nan, suka tura ƙasa ta rufe su zuwa rabi, suka kewaye wurin da waya. A bakin ƙofa suka kafa allon ƙarfe ruwan ɗorawa, da baƙin zane mai kama da fikafikan fanka. Daga nan suka tafi, aka ce za su dawo. Mu yara muka raɗa wa wurin Gidan Fanka. Kai kuma kana cewa ita kaɗai ce fanka a garin nan da ba ruwanta da masu ɗauke wuta, tunda dama ba ta taɓa juyawa ba.

Da rani ta gefen wayar muke bi zuwa rafi, ni da Goggo Dudu ƙanwarka da maƙwabciyarmu Mama Rifkatu. A tona yashi, a zauna jiran ruwa ya tsatso, a kwasa da ƙoƙo. Mama Rifkatu tana waƙa da yaren Mumuye, in ta juya Hausa Goggo ta hau yi mata gyara, alhali Hausar Goggon ma Fulatanci ce da aka sa wa riga. In mun zo daidai allon sai kowa ya ɗan ratse. Ba wanda ya taɓa yi mana bayani. Launin da zanen ne suke sa jiki ya yi hattara, kamar yadda zanen bayan kububuwa yake sawa.

Sai shekarar da aka ce tawaga za ta zo daga babban birnin ƙasa ta duba wurin, aka ɗora maka shirin tarba. Ban taɓa ganinka cikin nishaɗi irin na makon nan ba. Kana da ƙa'ida guda game da zuwan manya, kuma kowane lebura a ofishinka ya haddace ta: "Duk abin da ba ya motsi a shafa masa farar ƙasa. Abin da ke motsi a kore shi." Aka kori awaki. Aka shafe duwatsun bakin hanya, da gindin kowace dalbejiya har zuwa ƙugun mutum, da turakun waya, da duro-duron da suka leƙo daga ƙasa. Allon ma ba ya motsi, Baba.

Mu 'yan firamare aka jera mu a bakin titi da tutocin takarda. Baƙi suka sauko daga mota suka zauna a rumfa. Aka yi addu'a iri biyu, ta Musulmi da ta Kirista, don kada wani ya ce an manta da shi. Aka ci shinkafa da kifin Binuwai. Babbansu ya taka har bakin ƙofa, hannu a baya, ya dubi farin allo da fararen duro-duro, ya ce bai taɓa ganin wurin ajiya mai tsabta haka ba. Akwai wani a cikinsu da ya rataya jaka mai na'urar awo a ciki, amma ban ga ya buɗe ta ba, domin jawabin maraba ya riga ya cinye lokacin da aka ware wa duba fili. Aka loda musu doya a bayan mota, suka kama hanya don kada magariba ta riske su kafin su kai garin Mutum Biyu.

Da yamma ka dawo gida, ka cire hula, ka ce wa Dada, "Yau Jalingo ta yi kyan gani." Ka aika aka sayo mana tsire. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, tsiren nan nake tunawa, da kai a kan tabarma kana maimaita yadda babban baƙo ya riƙe hannunka ya daɗe bai saki ba. Dada ta ji labarin har ta fara ƙarasa maka shi.

Daga nan duk tawagar da za ta zo sai an ƙara shafi. Can kuma tawagogin suka daina zuwa. Da allo ya zama fari, mutane suka daina ratsewa. Waya ta koma garken awaki a gidaje daban-daban. Duro-duron suka yi ƙafa ɗaya bayan ɗaya, aka zubar da duwatsun ciki a nan filin, aka wanke, aka kai bayan ɗaki don tarar ruwan sama. Wa zai ga duro mai kauri haka a garin da ake tona yashi ya wuce? Goggo Dudu ta sa an mirgino mana ɗaya har ƙofar gida. Ka fito ka tsaya a kansa ka ce, "Kayan gwamnati ba ya kwana a gidana." Ta yi maka mita da Fulatanci har ta gaji, ba ka ko ɗaga kai ba. Aka mirgina shi gidan Mama Rifkatu. Ba sanin haɗari ne ya sa ka ƙi ba, na sani. Tsoron a ce Malam Bakari ya ɗauki abin da ba nasa ba ne. Na sha tunanin cewa mu dai gaskiyarka ce ta tsare mu, ba iliminka ba, kuma ban raina wannan ba.

A jami'a ne wani malaminmu na kimiyya ya zana alamar nan a allo, ya tambayi wanda ya santa. Na yi dariya na ce fanka ce. Ba wanda ya taya ni. Ranar na koyi cewa dutsen yana fitar da wani abu da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, wanda kan daɗe a ƙasa da ruwa fiye da daɗewar kowace gwamnati. Na kuma koyi cewa wani dutsen mai rauni ne ƙwarai, wani kuma ba haka ba, kuma ba a ganewa sai an auna.

Da na zo hutu na faɗa maka. Ka juya carbi, sannan ka ce, "Ai da abin na da haɗari da sun rubuto." Ka yi imani da gwamnati yadda ba na jin ita kanta ta taɓa yin imani da kanta. Duk da haka washegari ka sa babbar riga ka fita bin ofisoshi, kana ɗan fansho, ba wanda ya aike ka. Na jiha suka ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na tarayya ne. Na tarayya suka ce abin da ke bisa ƙasa na jiha ne. Ka tuna musu cewa duro-duron rabinsu a binne suke rabi a waje, sai kowa ya ga ka kawo masa hujja. Kamfanin da ya tara su an daɗe da rushe shi. Ƙaramar hukuma kuwa ta ce ita nata shafi ne.

Daga baya na karanta yadda ƙasashen da suka ƙera bom ɗin suke fama da sharar da suka tara. Su ma suna jan ƙafa, suna ɓoye-ɓoye, kwamiti na bin diddigin kwamiti. Amma dai akwai wanda majalisa za ta kira da sunansa, ta zaunar da shi, ta titsiye shi har ya yi gumi. Mu ba mu sami bom ba, alhamdu lillahi. Wutar ma ba mu samu ba. Sharar ce rabonmu, ita ma ba ta da uba.

Yanzu ga abin da ya faru bayanka. Gwamnati ta fito da shirin haƙa rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana, an ba Mayo Gwoi ɗaya. Unguwa ta cika ta batse, har gonakin masarar nan sun zama shaguna, fili ɗaya tak ya rage da ba mai shi. Ka san wanne. Ni kuma, kamar yadda ka so, ina aiki a ofishin da dole ya sa hannu cewa wuri ya dace kafin mota ta fara haƙa.

Na ce a auna ƙasar tukuna. Kansilanmu, ɗan marigayi mai gyaran babur ɗinka, ya zo har ofis ya zauna ya ce, "Adda Habiba, sa hannu ne fa kawai, ba rantsuwa ba." Shugabana ya kira ni ya tambaye ni, cikin ladabi, ko ina so tarihi ya rubuta cewa 'yar unguwa ce ta hana unguwa ruwa.

Ana gobe za a aza harsashi na je filin. Na tarar da leburori da bokitai suna shafe duwatsu. Ba ɗayansu da ya san ka, amma ƙa'idarka tana nan da ranta, har awakin an kora. Allon yana tsaye, ya ɗan karkace. Na ciro makullin mota na fara kankara. Farar ƙasar ta riƙa ɓarewa hawa-hawa, kowane hawa da tawagarsa, har ruwan ɗorawa ya leƙo, sannan bakin fiffike ɗaya. Wani lebura ya matso da burushinsa, yana jira in gama ya gyara ɓarnar da na yi. Na ce ya bari. Na ɗauki hoto, na koma ofis, na rubuta cewa ba zan sa hannu ba sai an auna.

Motar haƙa ba ta jiran kowa. Ta wuce zuwa unguwar Kachalla Sembe, can yanzu suna da ruwa. Matan Mayo Gwoi suna nan suna tona yashi, ko su sayi ruwa wurin masu tura kura.

Mama Rifkatu ta zo gidanmu da sandarta. Ta tsufa, amma muryar tana nan. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Habiba, ni na sha ruwan duro ɗin nan tun kana firamare. Ga ni nan. Wanda ya kashe mutum a unguwan nan ruwan rafi ne, ba dutse ba." Jikarta ta rasu a daminar bara, amai da gudawa. Maganarta gaskiya ce. Abin da ta sani ta gan shi da idonta, ta binne shi. Ni nawa tsoron ko auna shi ba a yi ba.

A wajen sunan jikar Goggo Dudu, wata yarinya ta miƙo mini ruwa a kofi. Goggo, daga can kan tabarma, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Kul, kada ku ba ta, ba a auna ba." Tsakar gida ta ɗauki dariya. Na karɓa na shanye, na yi godiya da Fulatanci na ce useko, na ci gaba da cin masar da ke gabana kamar ban ji ba. Wannan fuskar daga wurinka na koye ta.

Baba, ban rubuto don in ɗora maka laifi ba. An koya maka cewa mutunta baƙo shi ne ya tarar da wuri fes, ka kuma yi da zuciya ɗaya. Wanda ya rataya jaka ya ƙi buɗewa, da waɗanda suka aiko shi ba su tambaye shi me ya gani ba, su ne ba a taɓa zaunar da su an tambaya ba. Abin da nake so kawai shi ne a ce kana nan, in dawo daga aiki in same ka a gindin mangwaro da rediyonka, in zauna a gefen tabarma in faɗa maka yadda aka yi. Na san da farko za ka ce ban kyauta wa kansila ba. Na kuma san da safe zan ji kana tambayar Dada inda ta ajiye babbar rigarka.

An yi alkawarin turo masu na'ura daga Abuja. Sun ce mako mai zuwa, kai kuma ka fi kowa sanin tsawon wannan makon a bakin ma'aikaci. Amma ina bi, kullum sai na buga waya, har sakatariyarsu ta fara tambayata lafiyar Dada. In sun zo ba za a kafa rumfa ba, ba kuma jawabi. Ni zan ɗauko su da motata, daga tasha sai fili.

In na'urar ta yi kuka, dole wani ya bi gida-gida yana neman duro-duron nan, ya fara da gidan Mama Rifkatu, ya dubi idonta ya faɗa mata abin da ta daɗe tana sha da ita da 'ya'yanta. Ni ce wanin nan, kuma ban san da wane baki zan fara ba. In kuma na'urar ta yi shiru, to na hana unguwarmu ruwa a banza ke nan, kuma za a yi ta ba da labarina a gidajen biki har in tsufa.

Ka san ban iya son a ce na yi kuskure ba. Amma wannan karon abin da nake roƙo ke nan bayan kowace salla. Allah Ya sa na'urar ta yi shiru. Allah Ya sa in ji kunya, a yi mini dariya daga bakin rafi har kasuwa, motar haƙa ta dawo, Mama Rifkatu ta ɗebo ruwan farko ta kawo mini har gida don ta yi mini gori.

Kai kuma Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka makwanci, Ya yafe maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, Ya haɗa mu a inda ba a tona yashi. Amin.

'Yarka mai yawan tambaya,
Habiba