Karen Lachie

Ishbel 'yata,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da yara kuna lafiya a Glasgow. Ni ma ƙalau, in ban da haƙarƙari.

Shanun nan masu gashi har ido da na sayo, kika ce rikicin tsufa ne, ɗaya ta haihu ta ɓoye ɗan a kan tudu. Ubanki gwani, wanda ya tsufa a kiwon tumaki, ya ce ai saniya tunkiya ce da ta ci ta ƙoshi. Na aro Bran, karen maƙwabcinmu Lachie, na tura shi ya koro ta. Tunkiya ke gudun kare. Mai jego mai ƙaho ba ta gudu. Ta watsa ni cikin taɓo, ta bi ta kan Bran.

Mun binne shi gindin shingen dutse.

Babanki,
Torquil

Baba,

Ina gaishe ka. Ban yi dariya ba, ko kaɗan. Ka sayar da shanun kafin hunturu, ɗakinka na nan na gyara. Gonar kakanni ba ta kai ranka ba. Me Lachie ya ce?

'Yarka,
Ishbel

Ishbel,

Na gode da ɗaki. Lachie cewa ya yi, "Torquil, a cikinku biyun karen ne mai hankali, kuma shi aka ɗauke." Na yi dariya, haƙarƙari ya hana. Da na ɗago, kuka yake.

Gwiwoyinsa sun mutu, kin sani. Bran ne ƙafarsa. Tumakinsa na can saman dutse, sabon kare kuma sai ya shekara yana koyo. Ɗansa ya ce in dusar ƙanƙara ta cinye garken, gidan tsofaffi za su kai shi. Na kai wa Lachie ɗan maraƙin a matsayin diyya, ya ce, "Shi zai hau dutsen?"

Ki gaida mijinki.

Baba

Baba,

Gaisuwa. Kada ka yi abin da nake zato. Don Allah.

Ishbel

'Yar baba,

Na yi. Lachie na tsayawa a ƙasa yana yi mini fito irin wanda yake yi wa Bran, ni ina hawa. Ya ce Bran ya fi ni sauri, bai kuma taɓa zaginsa ba.

Mun sauko da rabin tumakin. Jiya na yi tari da jini, kaɗan ne. Ƙanƙara ta fara zuba, saura na can sama.

Ki ba yara ɗakin.

Babanki,
Torquil