Na Soke Sunansa Daga Jerin Masu Jiran Aikin Ido Don Ya Taɓa Zaman Kurkuku

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Ni malamin firamare ne a Kusfa. Bara wasu likitoci suka zo yin aikin yanar ido kyauta, aka ba unguwarmu kati goma, mai unguwa ya ɗora mini rabon. Likitan ya ja mini kunne: "Malam, wanda idonsa ya fi lalacewa shi za ka fara sawa." Da aka auna mutane, na uku a jerin wani dattijo ne, bari in kira shi Malam Tanimu. Da ƙuruciya ya yi shekara bakwai a gidan yari kan fasa shaguna. Tun da ya fito bai sake ba, ɗinkin hula yake yi a zaurensa, yau shekara ashirin.

Ta goma sha ɗaya kuwa malamar Islamiyyar matanmu ce, idonta ɗaya garau. Sai zuciya ta ce mini, yaya tsohon ɓarawo zai samu, mai karantar da Alƙur'ani ta rasa? Na soke sunansa na rubuta nata. Wallahi a lokacin gani nake lada na samu. Da ya zo karɓar kati ban iya kallonsa ba, na ce likita ne ya cire shi. Ya ce, "Ba komai Malam, ka yi iya ƙoƙarinka. Wani rabon sai wani jiƙon."

Wata huɗu bayan haka ganinsa ya tafi gaba ɗaya, ya ajiye allura. Da damina ya fito masallaci yana lalube, ya faɗa kwata ya karye a ƙugu. Har yau yana kwance. Wa ya naɗa ni alƙali? Hukuma ta hukunta shi ya gama, ni wane ne da zan ƙara masa?

Jiya na daure na je dubiya. Yana jin muryata ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce wa matarsa, "Ga wanda ya tsaya mini lokacin da likita ya ƙi ni."

In na faɗa masa gaskiya, ina tsoron in ƙara masa ciwo kan ciwo. In na yi shiru, zai ci gaba da sa mini albarkar da ban cancanta ba. Jama'a, me zan yi?