Rabin Cokalin Gishiri

Litinin, 3 ga Maris

Yau aka sallamo Baban yara bayan kwana shida a asibiti. Hannun hagu ne bai dawo ba, yatsun sun ƙi damƙa. Bakin ya ɗan karkace, amma sai wanda ya san shi zai lura. Likita ya ce hawan jini ne, kuma wannan gargaɗi ne, na biyu ba ya zuwa da sallama. A rage gishiri, a rage mai, a bar dunƙule da soye-soye da lemon kwalba.

Babbar 'yarmu, wadda muke ce wa Nas saboda aikinta, ta biyo mu gida. Ko mayafi ba ta cire ba ta shige kicin ta buɗe kabad. Ta ɗaga jarkar mai ta dube ni. "Umma, a wata nawa kuke shanye wannan?" Na ce ban taɓa ƙirgawa ba. Ta ce ai shi ke nan.

Ai shi ke nan me? Shekara talatin da ɗaya ina girki a gidan nan, ba wanda ya taɓa tashi da saura a kwano. Na wanke tukunyar da take a wanke.

Laraba, 5 ga Maris

Na dafa shinkafa da miya ba gishiri ko ƙwaya. Ya kai loma ɗaya, ya tauna, ya ajiye cokali. "Tela, wa ya rasu?" Haka yake kirana in yana son tsokana, saboda ɗinkina. Na yi dariya a gabansa. A kicin kuma na barbaɗa wa nawa gishiri, na ci a tsaye kamar ɓarauniya.

Asabar, 8 ga Maris

Kwana uku yana ture kwano. Wandonsa har ya fara zamewa. Na kira Nas na ce ubanki zai mutu da yunwa kafin hawan jinin ya kashe shi. Ta ce wa ya ce in cire gishirin gaba ɗaya rana ɗaya? In da cokali nake sawa, in koma rabi, bayan sati biyu in sake ragewa, harshe yana sabawa. Da ta faɗi haka tun farko. Yaran yanzu sai sun gama firgita mutum sannan su yi bayani.

Alhamis, 13 ga Maris

Rabin cokali. Ya ci rabin kwano. Mun yi kunnen doki.

Talata, 18 ga Maris

Na buɗe shago yau, karo na farko tun kwanciyarsa. Ƙura ta rufe keken ɗinki, riguna huɗu na jira. Wata malamar makaranta da nake wa ɗinki ta zo gwaji, muna hira na ba ta labari. Ta ce akwai wata dattijuwa a ƙarshen layin bas, bayan tankin ruwa, tana da lambu. Ba ta feshi, ba ta sa takin zamani, sai kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye. Wai tumatirinta ko ba a sa komai ba yana da ɗanɗano.

Na ce mata to. A raina na ce tumatir ai tumatir ne.

Asabar, 22 ga Maris

Na je. Dalilin zuwan dai, na gaji da zaman gidan da kallon hannun nan a kan cinyarsa.

Lambun bai kai yadda na zata ba, fili ne kamar tsakar gida uku, ƙyauren ƙofar a karye an tokare shi da dutse. Mai Lambu doguwa ce, ta girme ni da kamar shekara goma, tafin hannunta kamar fatar takalmi. Alayyahonta duk huji. Na ɗaga ganye ɗaya na leƙa ta ta cikin hujin na ce, "Baba, wannan ai an riga ni ci." Ta ce, "Wanda tsutsa ta ƙi taɓawa shi za ki tambayi dalili, 'yata." Ni da jikoki uku wai 'yata.

Na sayi alayyaho, tumatir, karas da kokwamba. Sun fi na kasuwa tsada, sun kuma fi su muni. Ta tambaye ni wa ba shi da lafiya, don wai ba mai hawo bas har nan sai da dalili. Na faɗa mata. Ta ƙara mini tafarnuwa da citta da lemon tsami biyu, ta ce in soya albasa a hankali da ɗan mai kaɗan har ta yi ja, in matse lemon a ƙarshe bayan na sauke. "Baki ƙarfi yake nema, ba lallai gishiri ba."

Lahadi, 23 ga Maris

Ya cinye. Bai yaba ba, amma ya cinye, har ya bi kwanon da yatsa. Ni kuwa na ɗan ƙara wa nawa a kicin. Kaɗan.

Talata, 1 ga Afrilu

An ce ya riƙa tafiya kullum da la'asar, daga gida zuwa bakin titi ya dawo. Yana fita da sandarsa ba musu. Har na yi mamakin wannan biyayya.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ashe da walakin. Ina juye aljihun rigarsa zan yi wanki, sai ga takarda a dunƙule, mai ya huda ta har ana ganin haske, tana warin soyayyen nama. Mai suyar bakin titi. Kullum.

Na ajiye takardar a kan tebur gabansa. Ban yi niyyar ɗaga murya ba, amma ta ɗagu. Na ce ina hawa bas na minti arba'in ina kwaso ganye mai huji saboda shi, shi kuma yana can yana haƙa wa kansa rami. Ya juya takardar da yatsa. Sannan ya ce, "Hannuna ya tafi. Shagon kafinta na rufe. Guduma ma ba na iya riƙe mata ƙusa. Bakin nan kaɗai ya rage mini, shi ma za ku karɓe?"

Sai abin da ke cina tun ranar da Nas ta ɗaga jarkar nan ya fito da kansa. Na ce, "Faɗi gaskiya, kai ma kana ganin girkina ne ya kwantar da kai?"

Ya dube ni kamar na yi wani yare. Na kwashe wankina na fita.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Ba mu yi magana ba sai gaisuwa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Da safe ina yanka albasa ya zo ya tsaya a ƙofar kicin, wurin da bai taɓa tsayawa ba. Ya ce shekara talatin yana cin rana a shago, soye-soye da lemon kwalba biyu, wani lokaci uku, kuma tun shekara huɗu da suka wuce wani mai kemis ya auna shi ya ce ya je asibiti, bai je ba, bai kuma faɗa mini ba. "In ana neman mai laifi, ga shi nan a tsaye da sanda. Ki bar tukunyarki ta huta."

Na share hawaye, na ce albasa ce. Ya ce ya sani, albasar nan da ƙarfi take.

Mun yi sulhu a kan nama sau ɗaya a sati, ni zan gasa a gida.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Nas ta zo da na'urar awo. Ta gama da ubanta, nasa ya ɗan sauka, sai ta ce in miƙo hannu. Na ce lafiyata ƙalau. Ta ce to ai ba abin tsoro. Ta auna, ta sake aunawa a ɗaya hannun.

Nawa ya fi nasa.

Na ce hayaniyar jikoki ce. Ta ce, "Umma, ciwon kan da kike sha da rana a shago, tun yaushe?" Ban san ta sani ba. Uban yana gefe yana kallon silin, bakinsa na rawa, dariya yake dannewa. Ya ce, "A binciki aljihunta." Ba a aljihu nake ɓoye gishirin ba, a gwangwanin shayi ne bayan buhun wake, kuma ashe ya daɗe da sani.

Gobe asibiti. Ni da na zo jinya.

Talata, 22 ga Afrilu

An ba ni ƙwaya ɗaya kullum da safe. Yanzu tukunya ɗaya, kwano iri ɗaya. Lami.

Asabar, 3 ga Mayu

Ya ce zai raka ni lambu. Hawa bas ɗin ya ba shi wuya, wani ya tashi ya ba shi kujera, na ga abin ya sosa masa rai. Muna isa bai ko kalli ganye ba, ƙyauren nan ya tsaya yana dubawa. Ya ce wa Mai Lambu wane ne ya yi mata wannan aika-aika. Ta ce marigayi mijinta ne. Ya ce Allah ya ji ƙansa, amma ba kafinta ba ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ta kawo guduma da tsofaffin ƙusoshi a gwangwani. Ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in zo in riƙe masa ƙusa. Na riƙe ina addu'a. Bai sami yatsana ba ko sau ɗaya. Aikin minti ashirin ya ɗauke mu awa biyu, gumi ya jiƙa masa riga, amma ƙofar ta rufu ta buɗu. A bas ya yi barci a kafaɗata, a gaban mutane, ban ture shi ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Na daina sayen farin burodi. Shayi da sukari cokali ɗaya maimakon uku. Wake sau uku a sati, kifi in an samu. Jarkar mai ta wata biyu ce kuma har yanzu da saura, na duba.

Na yi kewar soyayyen dankali yau har na ji kamar in yi kuka a kan keke.

Asabar, 24 ga Mayu

Ƙwari sun cinye wa Mai Lambu kabeji da rabin alayyaho. Na tarar da ita tana tsince su da hannu tana jefawa a bokiti. Na ce, Baba, feshi ɗaya fa zai raba ki da wannan wahala. Ta ce ta sani, ta yi shekara ashirin tana feshi a gonar wani, har yau in ta tuna warin ƙirjinta na ɗaurewa. Ta ce in je kasuwa wannan satin, ba haram ba ne.

Na je. Na wanke ganyen da na sayo sau uku. Na tambayi Nas ko da gaske na lambu ya fi lafiya, ta ce ita abin da ta tabbatar shi ne gishiri da mai da sukari, sauran kuma in ina jin daɗinsa in ci gaba. Ni ma ban sani ba. Na dai san tumatirin kasuwa ruwa ne a baki, kuma matar nan tana ajiye mini nawa a inuwa ko na makara.

Litinin, 9 ga Yuni

Awo: nasa ya sauka sosai, nawa ya bi baya. Likita ya ce me muka canja. Baban yara ya ce, "Mata na canja, amma ita ce dai."

Ya riƙe kofi da hannun hagu yau, ya kai har baki. Rabin ruwan ya zube a riga. Na yi kamar ban gani ba, shi ma ya yi kamar bai ga na gani ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Mun je gidan Yaya cin rana. Ita ta koya mini girki bayan rasuwar mahaifiyarmu, hannunta nake kwaikwayo duk rayuwata. Ta yi wa Baban yara nasa daban, ni kuma ta zuba mini daga babbar tukunya, ta ce in ci abincin mutane yau, na rame.

Tun jiya nake ɗokin miyar nan. Loma ta farko sai na ji kamar na kurɓi ruwan teku, mai ya kwanta mini a harshe. Na ci biyar don kunya, na sha ruwa kofi uku. Ta ce lafiya? Na ce ƙoshi ne, na ci wani abu kafin mu fito. Ta juye mini sauran a kwano in tafi da shi.

Da muka iso gida ya ce a ɗumama na Yaya ne? Na ce bari dai. Na yanka tumatir da kokwamba, na matse lemon tsami, na ɗumama waken safe. Muka ci a kwano ɗaya.

Ba wai nawa ya fi na Yaya daɗi ba, Allah ya sani. Bakina ne ya lalace, kuma ban san wa zan kai ƙara ba.