Makullin Sito Yana Aljihuna Ranar Ruwan Shuka

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni malamin gona ne a wani ƙauye ta wajen Gwiwa. Da kuɗin mai suka shigo, ma'aikata suka cika Kazaure suna neman ɗakin haya ido rufe, sai na sayi fili na kama ginin ɗaki huɗu. To laifi ne? Wa bai yi ba? Na tsara lokacina tsaf: safe zuwa azahar na gwamnati, daga nan in hau babur in bi ta Roni in je in tsaya a kan magina. Tsarin banza! Kafintan da zai buga mini kwano, Allah ya isa tsakanina da shi, kullum "Gobe, Malam, gobe da sassafe." Wata biyu yana yi mini gobe, ɗakuna a buɗe, hadari kuma sai haɗuwa yake. Tafiyar azahar ta koma ta hantsi, ta hantsi ta koma kwana.

Ga abin kunyar. Muna da siton irin gyaɗa da takin zamani, wani dattijo ke riƙe da makullinsa fiye da shekara ashirin, zan kira shi Baba Tanko. Wani direba ya sauke mini siminti da araha a ƙauyen, na yi shawarar ɓoye shi a siton, a bayan buhunan iri. Don kada a gani sai na ce, "Baba, kawo makullin, zan duba ko gara ta shiga." Ya miƙo da hannu biyu. Ranar ce kafinta ya aiko wai ya shirya. Na ce in je in dawo da la'asar. Ina isa Kazaure aka kece da ruwa, ruwan shuka sosai! In tafi, mutumin nan ya sake sulalewa, bango ya jiƙe ya zube? Na zauna. Kwana uku ina tsaye a kansa ina masifa, makulli na aljihuna, wallahi ina jin nauyinsa. Can kuwa manoma sun yi cirko-cirko da jakuna a ƙofar sito, mutanen da farin bara ya sa suka cinye irinsu. Kafin in dawo danshi ya tafi, ruwa kuma ya ɗauke sai bayan sati uku. Gyaɗar da aka shuka a makare ba ta yi abin kirki ba.

Da ƙara ta kai sama, babban jami'inmu ya zo ya tara mu. "Wa ke riƙe da makulli?" Ban san sadda bakina ya ce, "Baba Tanko ne, yallaɓai. Tsufa ne, ya manta inda ya ajiye" ba. Tir da ni! Baba ya dube ni, ya dubi aljihuna, ya ce, "A yi haƙuri, yallaɓai." Shi ke nan. Aka dakatar da shi, yanzu ƙauye na kiransa ɓarawon iri, wai ya rufe siton ne don ya sayar da irin, har jikokinsa ake tsokana a bakin rijiya.

Alhamis mai zuwa kwamiti zai zauna a kan ko a kore shi ba fansho, kuma ni ne shaida. Ranar Juma'a bayan masallaci sai ga shi a ƙofar sabon gidana. Ya ɗaga kai ya ce, "Kwano ya yi kyau, Malam, Allah ya sanya alheri." Na ce, "Baba, shigo ka sha ruwa." Ya ce, "A'a, na gode. Ni dai ban faɗa wa kowa ba, ko iyalina. Na bar maka, ka faɗa da bakinka."

Haba! Me ya sa bai zage ni ba? Me ya sa bai tona ni tun ranar ba, in huta? Haushinsa nake ji, haushin kafinta nake ji, haushin kaina ya fi duka. In na faɗa, aikina ya tafi, ga mata da 'ya'ya biyar. In na yi shiru, tsohon da ya miƙo mini makulli da hannu biyu zai mutu da sunan ɓarawo.

Jama'a, kwana huɗu suka rage. Me zan yi?