Ƙasar da Malam Kalilu Ke Ɗiba

Zuwa ga Yaya Hadijatu, Daura.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara. Baba da Inna lafiya lau. Wayata ta lalace, shi ya sa na ba direban Sandamu wannan takarda.

Yaya, kada ki bar mijinki Malam Kalilu ya zo garinmu ranar Alhamis. Na yi ɓarna.

Kin san tun bara Malam Kalilu ya hana mu ƙona kara bayan girbi, wai a bar shi da taki su ruɓe a gona, ƙasa ta riƙe iskar nan mai ƙara wa duniya zafi, kabon yake ce mata. Kin san kuma yakan haƙo ƙasar kowace gona da ƙarfensa, ya ƙulle a leda, ya rubuta sunan mai ita, don a auna ko ta riƙe. To, Nagoggo ya tambaye ni me ake yi da ita. Taubashina ne, kin san yadda muke. Na murtuke fuska na ce wurin boka ake kai ta, duk wanda aka ɗebi tasa da sunansa a jiki, gonar ta bar gidansu ke nan. So nake in ga idonsa ya raina fata, in yi dariya.

Sai ya kai maganar majalisa. Washegari kuma saniyar Alhaji Dabo ta faɗi matacciya a gonar da aka ɗiba. Yanzu dattawa na cewa a miƙa Malam ga Hisba. Samari sun ce ba sai an wahalar da Hisba ba. Na ga suna yanko sanduna.

Ki yafe ni. Ƙanenki, Sha'aban.

Zuwa ga Sha'aban.

Wa alaikumus salam. Ka gaida su Baba.

Tun da na karanta takardarka ban iya cin komai ba. Malam ba ya gida. Yana ƙauyukan Baure tun Lahadi, inda waya ba ta shiga, daga can kuma kai tsaye zai wuce wajenku a kan babur, shi kaɗai. Na kira har na gaji.

Ba zan zage ka yanzu ba, ba lokaci. Ka miƙe a masallaci gaban kowa ka ce ƙarya ka yi. Yau, ba gobe ba.

Allah ya tsare. Yayarka, Hadijatu.

Yaya, sallama da gaisuwa.

Na yi. Bayan la'asar na miƙe, na ce ni na ƙaga. Wasu suka yi dariya, wai yau kuma da wannan na zo. Liman ya yarda, amma da ya ja kunnen samari sai suka sunkuyar da kai kawai. Alhaji Dabo ya ce ai mijin yayata ne, dole in kare shi. Wani ma ya ce asirin ne ya fara cina. Nagoggo da kansa ya ce mini, "Wancan karon fuskarka ta fi kama da ta mai gaskiya."

Na yi rantsuwa da Alƙur'ani, Yaya, ba wanda ya ajiye sandarsa.

Gobe Alhamis. Hanya biyu ce ke shigowa daga Baure, ban san wacce zai bi ba. Ki yi mana addu'a.

Sha'aban.

Yaya, sallama.

Ban tare shi ba, ta ɗaya hanyar ya shigo. Na iske sun kewaye shi a gonar Baba. Na kutsa na fizge ƙarfen daga hannunsa, na kafa a ƙasa, na ce wanda zai daki mai ɗiba ya fara da ni. Sun fara ɗin. Kafin su kai gare shi Liman ya iso.

Mijinki ko ƙwarzane babu, yana hanya. Kada ki yi mamakin rubutun, Nagoggo ne ke yi mini, yana kuka yana ɓata takardar. Mai ɗori ya ce hannun nawa sai wata biyu.

Sha'aban.